Abin da Buroshi Ya Jawo Mini

Yau maganarmu a kan Excel ce, watau littafin lissafin nan na kwamfuta mai gida-gida kamar dara.

Mutum yana iya kafa wa gida ƙa'ida ya riƙa rinewa da kansa. Ni na kafa cewa wanda biyansa bai kai abin da ke gidan E1 ba, gidansa ya yi ja. Sa'an nan na danna ɗan buroshin nan mai ɗaukar kamannin gida ya shafa wa wani, na ja shi har ƙasa. Ban ga ja ba, na gaya wa maigida kowa ya biya.

Ashe ƙa'idar tana zamewa. A layi na biyu E2 take dubawa, a na uku E3, su kuwa ba kome cikinsu, na'ura ta ɗauke su sifiri. To, wa zai kasa biyan sifiri? Da ma'aji ya ƙirga kuɗi ba su cika ba, ni aka fara kallo.

Maganin abin alamar dala ce. In ka rubuta $E$1, ƙa'ida ta ɗauru a turke ke nan. In da linzami ka nuna gidan, Excel kan sa alamar da kanta. Ni da hannu na rubuta. Yanzu in na shafa ƙa'ida, nakan rage kuɗin wani na can ƙasa da gangan, in ga ko zai yi ja.