Eunice Foote: A Ba Mai Haƙƙi Haƙƙinsa

Duk ɗalibin da ya karanta darasin ɗumamar duniya ya san cewa iskar kabon dayoksaid tana riƙe zafi. Littattafai da dama sun daɗe suna danganta gano wannan al'amari ga masanin nan ɗan ƙasar Ayalan, John Tyndall, wanda ya yi gwaje-gwajensa a Landan a 1859. Amma shekara 3 kafin nan, wata mata Ba'amurkiya mai suna Eunice Newton Foote ta riga ta gwada wannan iska a cikin rana, ta kuma rubuta abin da ta gani. Ya kamata sunanta ya shiga darasin kimiyya a makarantun sakandare, a kuma faɗi aikinta yadda yake, ba ragi ba ƙari.

An haifi Eunice ranar 17 ga Yuli, 1819, ta kuma girma a jihar Niyok. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta garin Troy, ɗaya daga cikin 'yan makarantun da ke koya wa mata kimiyya a wancan zamani. A 1841 ta auri wani lauya mai suna Elisha Foote, suka zauna a garin Seneca Falls. A garin ne aka yi babban taron neman haƙƙin mata a 1848, kuma ita da maigidanta suna cikin waɗanda suka sa hannu a takardar bayan taron.

Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: bututun gilashi guda biyu, kowanne tsawonsa inci 30 da faɗin inci 4, sai ma'aunan zafi, sai famfon zuƙe iska. Takan cika bututun da iska iri dabam-dabam, ta ajiye su a rana, ta riƙa duba ma'auni. Da haka ta gano abu uku. Na farko, iskar da aka matse ta fi sakakkiyar iska ɗaukar zafi. Na biyu, iska mai laima ta fi busasshiya. Na uku kuwa, bututun da ke ɗauke da kabon dayoksaid ya fi duka zafi, har ya kai digiri 125 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin digiri 52 a ma'aunin Salshiyos, kuma ya fi daɗewa kafin ya huce. Daga nan ta yanke hukunci cewa idan wannan iska ta yawaita a sararin samaniya, lalle duniya za ta ƙara zafi.

An gabatar da ƙasidarta ranar 23 ga Agusta, 1856, a taron ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Amurka a birnin Albani. Sai dai ba ita ta karanta ba. Farfesa Joseph Henry na Cibiyar Smithsonian ne ya karanta a madadinta. Ƙungiyar ba ta sa ƙasidar a kundin taronta ba, amma mujallar American Journal of Science ta buga ta a wannan shekara. Eunice ta sake fitar da ƙasida kan lantarkin da ke cikin iska a 1857, ta kuma ƙirƙiro injin yin takarda wanda ta yi wa rajista a 1864. Ta rasu a 1888. Daga nan aka yi shiru da batunta fiye da shekara 100, har zuwa 2011 lokacin da Raymond Sorenson, wani masanin duwatsu da man fetur da ya yi ritaya, ya ci karo da labarin aikinta ya bayyana shi ga duniya.

Akwai masu ganin cewa gwajin nata bai isa a yi ta zuzuta shi ba, kuma hujjarsu abin dubawa ce. Ɗumamar duniya tana faruwa ne domin ƙasa, bayan ta sha rana, tana mayar da zafin sama ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, sai kabon dayoksaid da tururin ruwa su tare shi. Kayan Eunice ba za su iya bambanta wannan haske da hasken rana ba. Tyndall ne, da na'urorinsa masu inganci, ya auna shi. Saboda haka wanda ya ce ita kaɗai ta warware matsalar ya yi ƙari. To, amma wanda ya share sunanta shi ma ya yi ragi, domin ita ce ta fara danganta yawan wannan iska da zafin duniya bisa gwaji. Lokaci ya gaskata ta: a zamaninta kabon dayoksaid bai kai kashi 290 cikin miliyan na iskar duniya ba, amma a 2024 ya haura 420.

Tarihinta yana da amfani biyu a aji. Na farko, yana nuna wa ɗalibi cewa ilimin kimiyya gini ne, wani ya sa tubali wani ya ɗora, kuma gwaji yana iya zama da gaskiya tare da naƙasa. Malami yana iya sa ɗalibai su maimaita irin gwajin da kwalabe biyu da ma'aunan zafi, sannan ya tambaye su abin da sakamakon ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba. Na biyu, yana amsa wa masu cewa fizis da kemistiri sun fi ƙarfin 'ya mace. Eunice ba ta da digirin jami'a, ba ta da kujerar farfesa. Abin da ta samu shi ne makarantar da ta buɗe mata ƙofar kimiyya tun tana budurwa.

A 2022 ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka ta kafa lambar yabo da sunanta. Yabon gwani ya zama dole, ko da ya zo a makare. Sauran aiki yana hannun malamai da marubuta littattafan makaranta: duk inda aka ambaci Tyndall da 1859, a ambaci Eunice Foote da 1856, a kuma tabbatar ɗalibai mata sun riƙe ma'aunin zafi da hannunsu a ɗakin gwaji.