Ra'ayinmu: Laƙabi ba ganuwa ba ne

A zamanin mulkin mallaka, mawaƙa da dama ba sa sa sunansu na gaskiya a ƙarƙashin baitocinsu. A Mambo Leo, jaridar Suwahili da Turawan Ingila suka kafa a Tanganyika a 1923, an sha buga waƙoƙi da laƙabi kawai. Mai cin albashin gwamnati kan samu inuwar faɗin abin da ke ransa.

Sai dai inuwar ba ta hana kamu. A 1936, jaridar African Morning Post ta Akra, a Ghana ta yau, ta buga wani rubutu mai sa hannun "Effective". Hukuma ta gano Wallace-Johnson ne, ta gurfanar da shi, haka ma editan, Nnamdi Azikiwe.

Yau matasanmu na Maraɗi, Damagaram da ƙetare suna sakin waƙoƙi a TikTok da sunan aro, alhali tun Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet. Ɓoye sunanka in ya zama dole, amma kar ka rera abin da ba za ka iya karewa ba ranar da alƙali ya kira sunanka na yanka.