Tabarau Lafiya Lau, Manhaja Ta Juya Masa Baya

A ƙarshen shekarar 2020 kamfanin HP ya fito da Reverb G2, ɗaya daga cikin tabaran nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kamar ya shiga wata duniya, wato fasahar da ake kira VR. Dala 599 aka sayar da shi. Shekara huɗu bayan haka, duk wanda ya sabunta kwamfutarsa zuwa Windows 11 samfurin 24H2 sai ya tarar tabaran ya daina aiki. Gilashinsa bai fashe ba, wayarsa ba ta tsinke ba. Kamfanin Microsoft ne ya cire sashen da ake kira Windows Mixed Reality daga babbar manhajarsa, kamar yadda ya sanar tun watan Disamban 2023. Tabaran Acer da Lenovo da Dell da Samsung waɗanda aka gina a kan wannan sashe tun 2017, duk ƙaddara ɗaya ta same su.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. Tabaran gwaji na farko da Oculus ya fitar a 2013 yana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Facebook ya sayi kamfanin a 2014 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2, a watan Mayun 2015 kuma aka ce an dakatar da aikin Mac da Linux na ɗan lokaci, don a mai da hankali ga Windows. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Kamfanin Valve ya kai manhajarsa ta SteamVR kan Mac a 2017, ya janye ta a 2020. Google ma ya yi watsi da Daydream a 2019.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Tabaran VR ba kamar na'urar buga takarda ba ne, wadda in ta yi jinkirin daƙiƙa biyu ba wanda zai damu. Dole a zana hoto sabo ga kowane ido kamar sau 90 a daƙiƙa guda, kowane hoto ke nan yana da kimanin kashi 11 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan mutum ya juya kansa hoton ya makara, ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwa abu ɗaya, cikin kunne yana faɗa mata wani, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Saboda haka manhajar tabaran tana bukatar ta yi magana da katin sarrafa hoto kusan kai tsaye, ba tare da ta bi layi ba. Kowace babbar manhaja kuwa da tata ƙofar. Windows na da DirectX, Apple ya riƙe Metal ya kuma ajiye OpenGL a 2018, Linux ya dogara da Vulkan. A Linux ɗin ma sai an sami hanyar da teburin kwamfuta zai saki allon tabaran ya bar wa manhajar VR, abin da teburin GNOME bai samu a kan Wayland ba sai 2024. Ga aiki ninki uku, ga shi fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wasanni a Steam a kan Windows suke. Ɗan kasuwa ba ya kai kaya kasuwar da ba ta ci.

To amma wannan hujja ta ƙin shiga sabuwar kasuwa ce. Ba ta wanke wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutane ba. In Valve ya ce masu Mac sun yi kaɗan, ana iya jin haushi, ana iya fahimta. Na Microsoft daban ne, domin a kan Windows ɗin da kowa ya ruga gare ta abin ya faru. Wanda ya bi shawarar da aka fi bayarwa, ya sayi kwamfuta mai Windows, ya sayi tabaran da aka yi domin Windows, shi ne aka bari da zaɓi biyu marasa daɗi: ko ya ƙi sabunta kwamfutarsa ya zauna da tsohon samfuri har gyare-gyaren tsaro su ƙare masa, ko ya sabunta ya ajiye tabaran a kan kanta. Wanda kuma zai tsinci irin wannan tabarau a wajen masu kayan gwanjo, da kwalinsa fes, babu abin da zai nuna masa a ido cewa an riga an yanke masa jijiya.

Abin da ya fi tona asirin lamarin shi ne, na'urorin ba su mutu ba ko kaɗan. Masu aikin Monado, buɗaɗɗiyar manhajar da kamfanin Collabora ke jagoranta, sun sa wasu daga cikin waɗannan tabarau suna aiki a kan Linux, babbar manhajar da ba a taɓa yin su dominta ba. A 2025 kuma wani injiniya shi kaɗai ya fitar da manhaja mai suna Oasis kyauta, wadda ta haɗa su da SteamVR a kan sabuwar Windows. Abin da mutum ɗaya ya iya a lokacin hutunsa, da wuya a yarda ya fi ƙarfin kamfanin da ya ƙirƙiro tsarin. Ba a ce kamfani ya riƙe kaya har abada ba. Abin da ya wajaba a kansa ranar da zai saki, shi ne ya buɗe bayanan na'urar da lambobin manhajarta ga masu son ci gaba da ita. Google ya yi hakan da Cardboard a 2019, bai kuwa talauce ba.

Ana yawan ambaton OpenXR a matsayin magani. Ƙa'ida ce da ƙungiyar Khronos ta fitar a watan Yulin 2019, don mai rubuta wasa ko darasi ya rubuta sau ɗaya ya yi aiki a kan tabarau iri-iri. Ta yi amfani ƙwarai, sai dai rabin ciwon take warkarwa. Tana daidaita harshen da wasa ke yi wa manhajar tabarau magana, ba ta tilasta wa kowa ya samar da manhajar a kan Mac ko Linux. Windows Mixed Reality kanta tana bin OpenXR, hakan bai hana a cire ta ba.

Yanzu kasuwa ta karkata ga tabaran da ke ɗauke da kwamfutarsu a ciki, irin Quest na Meta da aka gina a kan Android, da Vision Pro na Apple da ya fito a 2024 a kan dala 3,499 da tasa babbar manhajar. Sun raba mai saye da rigimar Windows da Mac, gaskiya ne. Sai dai a nan mai tabaran da mai babbar manhajar da mai shagon saye duk mutum ɗaya ne, kuma Quest na farko, wanda ya fito a 2019, an daina aika masa gyare-gyaren tsaro a 2024.