Damagaram: hoton tauraron ɗan Adam zai iya rage asarar foraj?

A Matamaye, cikin kwarin Korama, ruwa ba ya da nisa. Rairayi ne ke riƙe da shi, shi ya sa rake da kayan lambu ke albarka. Amma da an nufi birnin Zinder, Damagaram Takaya ko Gure, labari ya sake. Can dutse ne shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa, kuma ruwa ba ya kwanciya sai inda dutsen ya tsage. In aka kuskure tsagar, kuɗin foraj sun tafi a banza, mata kuma su ci gaba da dogon zuwa ɗiban ruwa.

Don gano waɗannan tsagogi, masana ilimin ƙasa na duba hotunan taurarin ɗan Adam. Na Landsat, da Amurka ta fara harbawa a 1972, kyauta ne tun 2008. Na Sentinel-2 na Turai suna nuna ƙasa dalla-dalla har faɗin mita 10. A kan hoton, tsaga kan fito kamar miƙaƙƙen layi: jerin itatuwa, ko ƙorama da ta miƙe sak. Sai a ƙidaya layukan, a auna tsawonsu da inda suka fuskanta, a lissafa yawansu cikin kowane murabba'in kilomita. Inda suka yi yawa, ko suka gitta juna, nan aka fi sa ran ruwa.

Sai dai ba kowane layi ba ne tsaga. Hanyar mota, iyakar gona da tudun rairayin da iskar hunturu ta jera duk suna iya ruɗar kwamfuta. Hoto kuma ba ya faɗin ko ruwan zai shawu. A 2013 Kenya ta yi shelar gano ruwa mai yawa a Turkana ta wannan hanya. A 2015 gwaji ya nuna na Lotikipi gishiri ya yi masa yawa.

Darasin ga magadan gari shi ne taswira tana rage faɗin wurin nema ne kawai. Kafin a kira injin haƙa, ya kamata kwangila ta tilasta awon ƙasa da na'urar lantarki a wurin. Nijar na da ƙwararru a cibiyar Agrhymet ta Yamai da jami'o'inta. Abin da ya rage shi ne a riƙa ajiye bayanan kowace foraj, har wadda ba ta ba da ruwa ba, domin da su ne ake gane ko taswira ta faɗi gaskiya.