Wine ba layar zana ba ce

'Yan uwa marubuta, tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wasu gwanayen kwamfuta suka shiga yi mana wa'azi: goge komai, ka ɗora Linux, duk wata manhajar Windows za ta yi aiki ta hanyar Wine. Ban yarda da wannan "duk" ɗin ba.

Wine tafinta ce. Manhajar Windows ta nemi abu, sai ta fassara buƙatar zuwa yaren da Linux ke ji. An fara aikinta a 1993, sigar 1.0 ba ta fito ba sai 2008. Ta yi zarra a wasanni, musamman bayan Valve ta gina Proton a kanta a 2018. Amma mu wasa muke yi? Sababbin Word da InDesign har yau gardama suke mata. In manhaja ta ƙame kana babi na ashirin, mai wa'azin ba ya kusa.

Ba ina cewa a jefar da tsohuwar laftof ba, Linux na farfaɗo da ita sosai. Ka yi rubutunka a LibreOffice, wadda can gidanta ne, tana kuma buɗe docx. Kafin ka goge komai, ka kwafe littafinka wuri biyu, ka duba ƙ da ɗ da ɓ ɗinka na Unicode ne. In tsohon font ne ya yi maka dabarar lanƙwasa su, to a sabuwar na'ura wasu alamomi daban za ka tarar.