Akwatin wuta na mai gyara: daga bolt 1,25 zuwa 13,75

A wannan mako filinmu zai sauka a kan teburin mai gyaran rediyo, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani ɗalibi mai koyon aikin lantarki a Damagaram. Yaron ya ce kuɗinsa duk sun ƙare wajen sayen pil don gwajin ƴan abubuwan da yake haɗawa, yau wannan yana son bolt 3, gobe wancan yana son 9, ya kuma tambaya ko akwai wata dabara da zai sami kowace irin wuta daga akwati guda. Akwai, ɗana, kuma masu sana'ar a nan suna kiran akwatin da sunansa na Faransanci, alimantasiyon. Ana iya haɗa shi cikin yini ɗaya, da kayan da ake samu a rumfunan masu sayar da kayan rediyo na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Kafin in shiga bayani, bari in faɗi abin da ya sa ni kaina na haɗa nawa. Lokacin da nake sabon shiga, ina da irin ƙaramin adaftan nan na kasuwa mai maɓalli a gefe, wanda aka rubuta wa 3, 4,5, 6, 9 da 12. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo mini rediyonsa mai cin pil huɗu, na tura maɓallin kan 6 na jona, ina ganin na yi daidai. Rediyon ya yi magana kamar minti biyu, sai wani abu ya ce fus a ciki, ƙauri ya tashi. Da na sa mita bayan ɓarna ta auku, sai na tarar wurin da aka rubuta 6 yana ba da kusan bolt 10. Irin wannan adafta ba shi da mai tsaron wuta a cikinsa: lambar da ke jikinsa ba ta zama gaskiya sai lokacin da ake jan dukan ƙarfin da aka ƙera shi ya bayar, in kuwa abin da aka jona ƙarami ne, wutar sai ta hau yadda ta ga dama. Na biya dattijo kuɗin rediyonsa, kunyar kuma ta fi kuɗin ciwo.

Abin da muke nema ke nan: wutar da za ta tsaya inda aka ajiye ta, ko an ja da yawa ko an ja kaɗan, wadda kuma za a iya ɗaga ta ko a sauke ta da murɗa ɗan maɓalli. Zuciyar aikin wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa uku da ake kira LM317. Injiniya Robert Dobkin ne ya tsara shi a kamfanin National Semiconductor na Amurka a 1976, har yau kuma ana ƙera shi, domin ya yi araha kuma yana da juriya. Yana iya ba da wuta daga bolt 1,25 har zuwa 37, yana kuma ɗaukar amper 1,5 in an sanyaya shi yadda ya kamata. Ku riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, za mu komo kansa.

Wutar gidajenmu bolt 220 ce, mai kai da komo sau 50 a sakan guda, don haka matakin farko shi ne transfo da zai sauke ta. Ina ba da shawarar mai ba da bolt 15, amper 1,5 ko 2. A gefen 220 a sa fizibul na miliamper 250, irin wanda ba ya saurin tsinkewa, da maɓallin kunnawa, a kuma rufe kowace mahaɗa ta wannan gefe da roba, domin wutar wannan gefe kisa take yi, ba ta tambayar ko mutum gwani ne. Daga transfo wuta ta shiga gadar diyod huɗu, wadda ke mai da ita mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Diyod 1N4007 yana ɗaukar amper 1, zai yi aikin, amma 1N5408 mai amper 3 ya fi kwantar da hankali. Bayan gadar sai babban kondansater na mikrofarad 4700, mai jure bolt 35, wanda aikinsa kamar na randa ne: yana tara wuta lokacin da ta zo da ƙarfi, ya bayar lokacin da ta ja baya. A nan mita za ta nuna wajen bolt 20, ba 15 ba, kada wannan ya firgita kowa. Randar tana cika ne har zuwa ƙololuwar igiyar wutar, wato 15 sau 1,41, a debe kamar bolt ɗaya da rabi da diyod biyu suka ci a hanya. A kula da alamar ragi da ke jikin kondansater, wanda ya juya ƙafafunsa zai ji ƙarar fashewa. Yana da kyau a gitta masa ƴar fitilar LED tare da rezistans na om 2200, ta zama alamar akwati na kunne, ta kuma zuƙe sauran wutar da ke cikin randar bayan an kashe.

Yanzu ga LM317 kansa, ga kuma tarkon farko. Wanda ya saba da 7805 ko 7812 zai ɗauka jerin ƙafafunsu ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. In ka riƙe LM317 rubutunsa na kallonka, ƙafafu na ƙasa, ta hagu ita ce ƙafar daidaitawa, ta tsakiya ita ce mafita, ta dama kuma mashiga. Bolt 20 ɗin nan ta shiga ta dama. Tsakanin mafita da ƙafar daidaitawa a sa rezistans na om 220. Daga ƙafar daidaitawa zuwa layin ragi a sa potansiyometir na om 2200, wato irin abin murɗawan nan da masu gyara ke kira bolum, amma a nemi mai tafiya daidai wa daida, ba na ƙarar murya ba. Dabarar LM317 guda ce tak: kullum yana ƙoƙarin riƙe bolt 1,25 tsakanin mafitarsa da ƙafar daidaitawa. Saboda haka wutar da ke bi ta cikin om 220 ba ta canzawa, wajen miliamper 5,7 ce, ita ce kuma ke gangarawa ta cikin bolum ɗin. Duk yadda aka ƙara om na bolum, haka mafita ke hawa. Lissafin shi ne a raba om na bolum da 220, a ƙara 1, a ninka da 1,25. In bolum na kan sifili, ana samun 1,25. In an murɗe shi ƙarshe, 2200 a raba da 220 ya ba da 10, a ƙara 1 ya zama 11, sau 1,25 ya zama 13,75. Wannan tazara ta ƙunshi duk abin da mai gyara ke buƙata yau da kullum, daga pil guda har zuwa kayan da ke aiki da batirin mota.

Sauran ƙananan kaya ba su da yawa: kondansater na mikrofarad 0,1 dab da mashiga, na mikrofarad 10 daga ƙafar daidaitawa zuwa ragi don rage gurnani, na mikrofarad 22 a mafita, sai diyod 1N4007 guda biyu na kariya. Na farko daga mafita zuwa mashiga, zobensa na kallon mashiga. Na biyu daga ƙafar daidaitawa zuwa mafita, zobensa na kallon mafita. Su ne ke ba wutar da ta taru a kondansater hanyar fita in an yi gajeren haɗi, maimakon ta bi ta cikin LM317 ta baya.

Duk wannan ana samunsa a takardun masu ƙera shi. Abin da takardun ba su cika nanatawa ba, mu kuwa ya fi shafar mu, abu biyu ne, zafi da ƙura. LM317 ba ya mai da rarar wuta ko'ina, ƙona ta yake yi ta zama zafi a jikinsa. A ce bolt 20 ke shiga, ka saita mafita a kan 3, abin da ka jona yana jan rabin amper. Rarar bolt 17 ce, sau rabin amper, wat 8,5 ke nan na zafi a jikin ɗan abin da bai fi farcen babban yatsa ba. Shi kaɗai a iska, kowane wat guda yana ɗaga zafin cikinsa da wajen digiri 50, iyakarsa kuwa digiri 125. A rumfar kwano cikin watan Afrilu, inda iskar kanta ta kai digiri 45, abin da ya rage masa digiri 80 ne, wato bai kai wat 2 ba. Lissafin da Bature ya yi a ɗaki mai digiri 25 ba namu ba ne. Abin lura kuma, ƙaramar wuta ta fi wahalar da shi fiye da babba: amper guda a bolt 12 ya fi masa sauƙi a kan amper guda a bolt 3, saɓanin abin da hankali ke fara ba mutum.

In zafi ya yi masa yawa ba ya mutuwa nan take, yana da mai tsaro a ciki da ke rage wutar har ya huce. Wannan alheri ne, amma yana ruɗa mai gyara: rediyo ya yi minti goma yana magana, ya ɗauke, ya komo, ka shiga neman laifi a cikin rediyon mutane alhali laifin na kan teburinka. Magani shi ne radiyater na alminiyom mai fukafukai, babba, kada a yi rowa a nan. Wanda ake cirowa daga kan kwakwalwar tsohuwar kwamfuta ya yi sosai, in har da ƴar fankarsa ma ya fi. A shafa farin man nan mai ɗaukar zafi tsakaninsu, a kuma huda akwatin sama da ƙasa iska ta ratsa. Ga tarko na biyu: kunnen ƙarfen da ake ɗaure LM317 da shi haɗe yake da mafita. In ka ɗaure shi kai tsaye a jikin akwatin ƙarfe wanda ke haɗe da ragi, ka yi gajeren haɗi da hannunka. Sai a sa ɗan fallen mika da zoben roba a kan kusar, ko kuwa a bar radiyater ɗin a ware, kada ya taɓa kome.

Batun ƙura kuwa, a bolum yake. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, wata rana ɗan harshen da ke yawo a ciki ya ɗaga daga kan hanyarsa na ƙiftawar ido. In ƙafa biyu kawai ka jona, ta tsakiya da ta gefe guda, to a wannan ƙiftawar ƙafar daidaitawa ta rasa hanyarta zuwa ragi, mafita kuma ta yi tsalle zuwa kusan duk abin da ke shiga, bolt 18 ko fiye, a kan kayan da ke son 3. A ɗaure ƙafar tsakiya da ƙafar gefen da ta rage da ɗigon dalma. Ta haka ko harshen ya ɗaga, wutar ba za ta wuce 13,75 ba. Wannan ma ya isa ya yi ɓarna, shi ya sa na ce a sayi bolum mai rufaffen jiki, a canza shi da zarar allurar mita ta fara rawa lokacin murɗawa, kada kuma a riƙa murɗa shi alhali kayan mutane na jone. A saita, a auna, sannan a jona.

Wani zai ce, ai yanzu kasuwa ta cika da ƴan alluna haɗaɗɗu masu LM2596, ba sa zafi sosai, ga araha. Gaskiya ne, don cajin batir ko kunna fitilu sun fi tattalin wuta nesa ba kusa ba. Amma suna aiki ne da yanka wuta sau 150 000 a sakan, wannan yankan kuwa yana shiga rediyon gajeren zango da matsakaicin zango ya zama shewa da ƙara. Mai gyaran rediyo da amfili yana bukatar wuta mai shiru, a nan tsohon LM317 bai da abokin gasa a farashinsa. Wanda kuma rumfarsa ke aiki da batirin hasken rana yana iya tsallake transfo da gadar diyod gaba ɗaya, ya sa fizibul ya jona mashiga a batir. Sai dai LM317 yana son mashiga ta fi mafita da kamar bolt 3, saboda haka daga batirin bolt 12 kada a sa rai da abin da ya wuce 9 mai tsayayye. Wannan dalili ne ma ya sa in wutar gari ta yi rauni da maraice, saman akwatinmu, wajen 13, shi ke fara sauka, ƙasan kuwa yana nan daram.

Gwajin farko a yi shi ba tare da kayan kowa ba. A kunna, a auna bolt 20 a kan babban kondansater, a murɗa bolum daga farko zuwa ƙarshe a ga 1,25 har 13,75 ko kusa da haka. Daga nan a jona ƙwan fitilar mota na bolt 12 mai wat 5, a saita a kan 12, a duba ko mita ta motsa. In haɗin ya yi kyau ba za ta sauka da abin a zo a gani ba. A sauke zuwa 6, a bar shi rabin awa da tsakar rana, a taɓa radiyater: in yatsa ba zai iya zama a kansa ba, a nemi wanda ya fi shi girma. Wannan ƙwan fitila kada a jefar da shi. LM317 ba ya fara tauye wuta sai ta kai wajen amper 2, wanda ya isa ya toye siraran hanyoyin allon rediyo mai gajeren haɗi, don haka duk kayan da ba ka san ciwonsa ba, ka fara jona shi ta cikin ƙwan a jere. In ƙwan ya haska sosai, ka cire, ka ɗauko mita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ake ƙara LM317 na biyu a gaban na farko don ƙayyade amper da kansa.