Filin Kimiyya: Maxime Seligmann, likitan da ya kama garkuwar jiki tana cin gida

A wannan mako filin zai leƙa asibitin Saint-Louis na birnin Paris, wanda sarki Henri na huɗu ya aza harsashinsa a 1607 domin killace masu annoba. Ma'aikata da ƴan kasuwar da suka taɓa raka wani nasu Faransa neman magani wataƙila sun ji sunan asibitin, don ya shahara a ciwon fata da ciwon jini. Amma kaɗan ne suka san Farfesa Maxime Seligmann, wanda aka haifa a 1927, ya rasu a 2010, ya kuma ƙare ƙarfinsa a wannan gida. Alhali kuwa duk inda aka miƙa wa mai ciwon lupus takardar awon jini a yau, akwai layi guda a cikinta da ya samo asali daga aikinsa.

Sai an fara da bayanin abin da likitoci ke kira antikor. Jiki yana da dakarun tsaro a cikin jini. Idan ƙwayar cuta ta shigo, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera mata makami daidai da ita, kamar yadda maƙeri ke yanka ɗan makulli daidai da kwaɗonsa. Wannan makami shi ne antikor. A farkon ƙarni na 20 babban masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya koyar da cewa jiki yana da hanyar kauce wa juya makaminsa a kan kansa, kuma aka riƙe maganar da ƙarfi har ta zama kamar doka. An yi shekara wajen hamsin likitoci na jin nauyin musanta ta, ko da kuwa majinyacin da ke gabansu yana nuna akasin haka.

Ciwon lupus yana cikin abubuwan da suka karya wannan doka. Sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa kyarkeci, saboda yadda yake cin fatar fuska. Cikin mutum goma da ya kama, wajen tara mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Yakan zo da zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, da wani tabo a kumatu da karan hanci mai siffar malam-buɗe-littafi. Mafi muni shi ne idan ya sauka a ƙoda. A 1948 wani likita a Amurka, Malcolm Hargraves, ya hangi wata baƙuwar ƙwaya a ɓargon masu ciwon: farar ƙwayar jini ce da ta haɗiye cibiyar ƴar uwarta. An ga ɓarnar, ba a san mai yin ta ba.

Seligmann ya koyi aikin awo a Cibiyar Pasteur wajen Pierre Grabar, gwanin rarrabe sinadaran jini da wutar lantarki. A 1957, yana ɗan shekara 30, ya nuna cewa a jinin masu lupus akwai antikor da ke kama ADN, wato sinadarin gadon halitta da ke ƙunshe a cibiyar kowace ƙwayar jiki. Gaskiya ta kama a faɗa cewa ba shi kaɗai ba ne. A cikin shekarar nan guda rukunin Henry Kunkel a Niyok, na Ruggero Ceppellini a Italiya da na Peter Miescher a Suwis duk sun iso wuri ɗaya, kowa ta hanyarsa. Faransawa sukan so su ce nasu ne, Amurkawa ma haka. Takardun dai huɗu ne, shekarar kuma ɗaya. Abin da ya girgiza masana shi ne a lokacin ana ɗauka ADN ba ya tayar da garkuwar jiki ko kaɗan. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Amfanin wannan bincike bai tsufa ba. Ana samun antikor ɗin a wajen kashi biyu bisa uku na masu lupus, kuma da wuya a same shi da yawa a jinin mai lafiya. Yawansa yakan hau idan ciwon ya taso, musamman idan ƙoda ta shiga haɗari, saboda haka likita na iya ganin hadari tun kafin ruwa ya sauko.

A nan akwai abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya lura irin waɗannan cututtuka sun yi ƙaranci a asibitin Ibadan, har ya kawo ra'ayin cewa wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ke shagaltar da garkuwar jiki. Ra'ayin ya daɗe ana maimaita shi. Sai dai a Amurka da Ingila an tabbatar lupus ya fi kama baƙaƙen mata, ya kuma fi tsanani a kansu, sa'an nan likitocin Dakar da na Legas sun bayyana majinyata masu yawa tun da suka fara nemansa da gaske. Macen da ta yi wata shida tana zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba ta maganin sauro, wasu na cewa sanyi ne, wasu na cewa sammu, ba za ta taɓa shiga lissafi ba in ba a auna jininta ba. Wani abin mamaki kuma, ginshiƙin maganin lupus a yau, hidroksiklorokin, ɗan uwan nibakin ne da kowa ya sani.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunan Seligmann ya zo ne a 1968. An kawo wata matashiya Balarabiya asibiti a Paris, zawo ya ƙi tsayawa, ta rame, abinci ba ya kama jikinta. Likitan hanji Jean-Claude Rambaud ya ga fararen ƙwayoyin jini sun cika bangon ƙaramin hanjinta maƙil. Da jininta ya isa ɗakin awon Seligmann, sai aka tarar da abin da ba a taɓa gani ba. Cikakken antikor sarƙa huɗu ne da shi, biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi. Wanda ke gadin hanji kuwa, sarƙarsa mai nauyi ana kiranta alfa. A jinin wannan baiwar Allah guntayen sarƙar alfa ne ke yawo su kaɗai, a gutsure, babu abokan tafiyarsu. Ƙwayoyin da suka lalace su ne ke zubo su. Aka raɗa wa cutar suna ciwon sarƙar alfa. Shekara huɗu kafin nan Edward Franklin na Niyok ya bayyana makamanciyarta ta sarƙar gama, amma ta alfa ita ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Da aka san abin da za a nema, sai majinyata suka yi ta fitowa daga Tunisiya, Aljeriya, Iran, Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu. Kusan dukansu matasa ne, tsakanin shekara 15 da 35, kuma ƴaƴan talakawa, daga unguwannin da ruwan sha ba shi da tsabta, inda yaro ke tashi da zawo yau da gobe. Alamominta su ne zawo na watanni, ciwon ciki, rama, wani lokaci da kumburin kan yatsu. Abin da ya wahalar da gane ta shi ne awon jini na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komi, sai an yi awo na musamman.

Ga kuma inda labarin ya fi daɗi. Cutar nau'in sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, kuma in an bar ta takan rikiɗe ta zama mai kisa. Amma an lura idan aka kama ta da wuri, aka ɗora majinyaci a kan antibiyotik irin su tetrasiklin na tsawon watanni, wasu sukan warke sarai. Sankara da maganin ƙwayar cuta! Mutane da yawa sun yi shakka. Likitocin Tunisiya da na Faransa suka haɗa kai suka bi majinyata 21, suka fitar da sakamako a 1989 da ya ƙarfafa maganar: matakin farko antibiyotik na iya isa, wanda ya yi nisa sai an haɗa da magungunan sankara masu ƙarfi. Ma'anar ita ce wata ƙwayar cuta ce ke tsokanar dakarun hanji dare da rana, suna ta hayayyafa har wasunsu su fi ƙarfin linzami. In an kawar da mai tsokanar da wuri, sai ƙura ta lafa. A 1993 aka ga irin haka a wata sankarar tumbi da ƙwayar Helicobacter pylori ke haddasawa. A 2004 kuma Marc Lecuit da abokan aikinsa a Paris suka gano ƙwayar Campylobacter jejuni, wadda akan ɗauka daga gurɓataccen ruwa da naman kajin da bai dahu ba, a hanjin wasu masu ciwon sarƙar alfa. Shekara 36 ke nan tsakanin tambaya da wani sashe na amsarta.

Sauran ayyukansa ba za su shiga fili ɗaya ba. A 1972 shi da Jean-Louis Preud'homme sun nuna ana iya gane asalin wasu sankarorin jini ta antikor ɗin da ke manne a bayan ƙwayoyinsu. A 1974 rukuninsa, da Jean-Claude Brouet a gaba, ya bi majinyata 86 ya kasa antikor masu daskarewa a sanyi gida uku, kuma har yau da wannan rabo ake aiki.

Da cutar sida ta ɓullo, Seligmann ya jagoranci ɓangaren Faransa na gwajin da aka kira Concorde, wanda aka yi tare da Ingila da Ailan. A lokacin AZT ne maganin da duniya ta ɗora wa rai, kuma a Amurka an riga an fara bai wa masu ƙwayar da ba su fara ciwo ba. Gwajin ya ɗauki mutum 1749: rabi aka ba su maganin nan take, rabi aka jinkirta sai ciwo ya nuna. Bayan shekara uku, sakamakon da ya fito a 1993 da 1994 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani a yawan waɗanda suka kwanta ko suka rasu, ko da yake adadin fararen ƙwayoyin jini ya ɗan ɗaga a rukunin farko. Kamfanin Wellcome mai yin maganin bai ji daɗi ba, majinyatan da suka sa rai ma haka, amma masu gwajin ba su sauya ko lamba ɗaya ba. Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin hukunci kan maganin sida na yau. Abin da Concorde ya kayar shi ne magani ɗaya tilo, wanda ƙwayar ke saurin sabawa da shi. Daga 1996 aka koma haɗa magani uku, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a ɗora shi a kan magani ba tare da jira ba.